Idan Mai Tashin Sahur Ya Makara: Nasiha ga Matasa Masu Riƙon Kwamfutar Ciniki a Magarya da Dungas

A shagunan taki da maganin feshi na Magarya, rabin ciniki bashi ne. Manomi daga Bande ko Waca ko Yekuwa ya ɗauki buhu da faɗuwar damina, a rubuta sunansa, ya biya da kaka idan riɗi da gyaɗa da wake sun shigo kasuwa. A Dungas ma, wadda aka ɓalle daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, haka abin yake, sai dai can idon ɗan kasuwa yana kan Maigatari, kasuwar Alhamis da ke tsallaken iyaka a jihar Jigawa, inda naira da sefa ke cuɗanya a aljihu ɗaya. Shekara da shekaru littafi mai baƙin bango da ƙwaƙwalwar Alhaji ne ke riƙe da wannan lissafi. Yanzu a wasu shaguna da kantunan magani da ƙungiyoyin manoma an samu yaro ɗan lakwal da ya kawo kwamfuta, ya girka mata manhajar kula da abokan ciniki, ya zuba sunaye da lambobin waya da ranar biyan kowa.

Irin waɗannan manhajoji suna da yawa, kuma da dama kyauta ne. Akwai Dolibarr, wadda Faransawa suka fara a 2002, akwai Odoo ta ƙasar Beljiyam, akwai SuiteCRM da EspoCRM da CiviCRM. Matashi yakan zaɓi ya riƙe manhajar a kwamfutar shago maimakon ya yi haya a intanet, kuma yana da hujja: rezo ba ya da tabbas, kuɗin haya da yuro ake biya, sirrin masu bashi kuma ya fi kyau ya kwana a gida. Abin da bai cika lura da shi ba shi ne, ranar da ya zaɓi haka ya zama shi ne makaniki, shi ne mai gadi, shi ne kuma wanda za a tuhuma.

A ɗauka wata safiya ce a watan Nuwamba. Alhaji ya zauna a kan benci, ya dubi ɗan ƙanensa.

"Kai yaro, ba ka ce na'urar nan za ta riƙa tuna wa mutane bashi da kanta ba? Jiya na haɗu da mutumin Kwaya, ya rantse babu saƙon da ya shigo masa tun farkon wata."

"Baba, wallahi manhajar lafiya lau take. Ga ta nan tana buɗewa."

Gaskiya ya faɗa, tana buɗewa. Sunaye suna nan, lissafi yana nan, ana buga rasit. Amma buɗewar manhaja daban, ayyukan da aka ɗora mata ta yi da kanta a kan lokaci daban, kuma a nan yawancin matasa ke faɗuwa. Manhajar nan ba ta duban agogo. Tana zaune ne kamar gida mai barci, sai wani daga waje ya buga mata ƙofa sannan ta tashi ta duba abin da lokacinsa ya yi: tura saƙon tuni, fitar da takardar biyan wata, ɗebo wasiƙun imel, ajiye kwafin bayanai. Mai buga ƙofar a kwamfutocin Linux wani ƙaramin shiri ne mai suna cron, tsoho tukuf, wanda ya samo asali daga Unix na shekarun 1970, kuma samfurin da ya fi yaɗuwa Paul Vixie ne ya rubuta shi a 1987. A Windows aikin yana hannun abin da allon Faransanci ke kira Planificateur de tâches.

Duk wanda ya yi azumi a garuruwan nan ya san samarin da ke zagaya unguwa da ganga ko gwangwani suna tashin mutane sahur. Mai tashin ba ya dafa abinci, tashi kawai yake yi. Gidan da ya wayi gari bai ci sahur ba, ko dai mai gangar ne ya makara, ko ya biyo a lokacin da ba shi ba, ko ya buga amma ƙofar da ya buga ba tasu ba ce, ko kuma sun ji sun tashi suka tarar babu itace. Matashin da ya riƙe wannan jeri a kansa ya huta da rabin wahala, domin zai bi laifin daki-daki maimakon ya goge manhajar ya sake girkawa, wanda shi ne abin da hannu ke ƙaiƙayin yi idan Alhaji na tsaye a kai.

Tambaya ta farko ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi tsallakewa: kwamfutar a kunne take a lokacin? Littattafan manhajojin nan an rubuta su ne a ƙasashen da ba a ɗauke wuta, shi ya sa suke ba da shawarar a sa ajiye kwafi ƙarfe 2 na dare, lokacin da babu mai aiki. A Magarya ƙarfe 2 na dare shago a kulle yake, batirin sola ya yi ƙasa, ko kamfanin wuta na NIGELEC ya ɗauke. Cron kuwa ba ya rama aikin da ya wuce shi. Idan ƙarfe 2 ta yi yana kashe, shi ke nan sai gobe, goben ma idan an dace. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa, ta yankin Maraɗi da Damagaram kuma ta layin Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Duk aikin da aka ɗaure wa tsakar dare a waɗannan watanni, addu'a ce kawai ke riƙe da shi.

Maganin ba shi da tsada. A mayar da aikin lokacin da aka san shago a buɗe yake, misali da hantsi, lokacin da rana ke cika batir. Ko a yi amfani da anacron, ƙanen cron da aka yi musamman don kwamfutar da ba ta kwana a kunne, wanda da zarar an kunna yake duba abin da aka bari ya rama. Mai Windows a laftof kuma ya buɗe shafin sharuɗɗan aikin, zai tarar an riga an sa alama cewa kada aikin ya tashi sai kwamfuta na jone da wuta. Wato daidai lokacin da laftof ke kan batirinsa, allo na haske, kowa na ganin komai lafiya, aikin ya ƙi tashi bisa umarnin da ba wanda ya san an ba shi. A cire wannan alama, a kuma sa ta rama aiki idan lokacinsa ya kuɓuce.

Sai agogo, kuma a nan ya kamata a ɗan zauna, domin tarkonsa ya fi kama masu ilimi. Nijar da Najeriya agogonsu ɗaya ne, awa ɗaya gaba da agogon duniya na UTC, kuma ba sa canza shi duk shekara. Kwamfutocin da ake girka wa Linux sau da yawa suna zuwa a kan UTC, don haka saƙon da aka sa wa ƙarfe 7 sai ya fita ƙarfe 8. Wannan da sauƙi, ana ganewa a rana ɗaya. Wanda ya fi wayo shi ne na Faris. Matashin da ya bi darasin Faransanci ya kwafi saitin Europe/Paris zai ga komai daidai idan a lokacin sanyi ya yi girkin, domin daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Faris da na Yamai kansu ɗaya. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris Faransa ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, sai saƙon ƙarfe 6 na safe ya koma fita ƙarfe 5, wayoyin masu bashi su riƙa kuka kafin su dawo daga masallaci, ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Saitin da ya dace shi ne Africa/Niamey, kuma a wurare uku ake duba shi: a kwamfutar kanta, a PHP (shirin da ke tuƙa manhajar), da cikin manhajar.

Akwai kuma ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, da ke cikin tsofaffin kwamfutocin gwanjo. Idan ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta agogo ya koma wata shekara ta can baya. Manhaja ta duba ta ga ranar biyan kowa saura shekaru, ta koma barci. Kuɗinsa ba shi da yawa.

Jadawalin cron layi ɗaya ne mai gurbi 5: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. Gurbin ƙarshe yana da tarko na musamman ga Bahaushe. Sunayen ranakunmu daga ƙirgen Larabci suke, kuma duk wanda ya zauna gaban allo ya san Talata uku ce, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Cron kuwa daga sifili yake fara ƙirga Lahadi, don haka a wurinsa Laraba 3 ce, Alhamis 4, Juma'a 5. Yaron Dungas da ke son jerin masu bashi ya fito safiyar Alhamis kafin Alhaji ya kama hanyar Maigatari, idan ya rubuta 5 bisa saninsa na makarantar allo, jerin zai fito ran Juma'a, kasuwa ta watse, kowa ya kashe kuɗin ragonsa.

To, a ce kwamfuta na kunne, agogo daidai. Yanzu sai a nemi shaida, kada a yi zato. A Ubuntu da Debian cron yana rubuta duk kiran da ya yi a kundin /var/log/syslog ko a journalctl, kuma SuiteCRM da EspoCRM da Dolibarr duk suna da shafin da ke nuna ranar da kowane aiki ya yi gudunsa na ƙarshe. Wannan ranar ita ce bakin zare. Matashi ya tambayi kansa, ya tambayi mutanen shago: me ya faru ranar? An sabunta wani abu? An canza kalmar sirri? Wani ya zo ya "gyara" kwamfutar? Sau da yawa amsar tana bakin yaron shago da ba wanda ya tambaya.

Idan kundin ya nuna cron ya kira amma aiki bai gudana ba, abin da ke rikita mutane shi ne umarnin yana aiki sarai idan an buga shi da hannu. Dalili kuwa, cron ba ya ɗauke da guzurin da mutum ke da shi idan ya shiga kwamfuta. Wuraren da yake neman shiri kaɗan ne, don haka sai an rubuta masa cikakkiyar hanya, /usr/bin/php maimakon php kawai, kamar yadda ba a aika baƙo da "gidan Malam" a garin da kowane lungu ke da malaminsa. Bayan haka PHP ɗin da shafin manhaja ke amfani da shi da wanda cron ke kira suna iya zama samfuri biyu daban, kowanne da takardar saitinsa. A sabunta ɗaya a bar ɗaya, shafi ya ci gaba da buɗewa, aikin bayan fage ya mutu.

Wani kuskure kuma na gaggawa ne. Yaro ya ga abu ya ƙi, sai ya tuƙa shi da sunan root, babban asusun da ba a hana shi komai. Nan take ya yi aiki, ya ji daɗi. Amma fayilolin da aka haifa a wannan gudu sun zama mallakar root, ƙaramin asusun da manhajar ke aiki da shi, wanda a Ubuntu ake kira www-data, ba shi da ikon taɓa su. Gyaran minti ɗaya ya haifi ciwon mako biyu. SuiteCRM har jerin sunayen waɗanda aka yarda su tuƙa cron take ajiyewa, saboda yawan wannan ɓarna.

Ɗaukewar wuta tana da wata illa da ba a gani. Aiki yakan rubuta "ina gudana" kafin ya fara, ya goge idan ya gama, don kada biyu su hau juna. Wuta ta yanke a tsakiya, rubutun ya zauna. Gobe cron ya zo, ya ga alamar, ya juya cikin ladabi, kamar mai sallama da ya ga takalmi a ƙofar ɗaki alhali mai takalmin ya daɗe da fita ta baya. Aikin da shafi ke cewa yana gudana tun ranar Talatar makon jiya ba gudana yake ba. Haka ma diski idan ya cika da tsofaffin kwafi da finafinan da yaran shago suka zuba: umarnin df -h zai faɗa cikin daƙiƙa biyu.

Kuma kusan duk darasin da ke intanet yana ƙare layin cron da wutsiyar nan, > /dev/null 2>&1. Matasa suna kwafe ta kamar laya, ba su san ma'anarta ba. Ma'anarta ita ce: duk abin da aikin ya faɗa, har kukansa, a zuba a rijiya marar gindi. Mai neman laifi ya fara cire ta, ya juya maganar zuwa wani fayil, ya jira minti biyu ya karanta. Abin da aka kwana uku ana nema yakan fito a layi ɗaya.

Wani lokacin gida ya tashi, an dafa, amma ƙofar fita ce a kulle. Daga 30 ga Mayun 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga Gmail da kalmar sirrin yau da kullum, sai da kalma ta musamman ko wata hanyar tantancewa, kuma manhajoji da yawa a duniya suka daina tura wasiƙa ranar ba tare da sun ce uffan a allo ba. A nan gida abin ya fi haka sauƙi: kuɗin SMS ya ƙare a layin Airtel ko Moov ko Zamani, ko an rufe layin don an daɗe ba a sa masa kati ba. Ga kuma halin bakin iyaka. Lambar Nijar 8 ce bayan 227, ta Najeriya 10 ce bayan 234 idan an cire sifilin farko, kuma mutumin Dogo-Dogo ko Malawa yana iya riƙe duka biyun. Manhajar da aka ce ta manna 227 a gaban kowace lamba za ta aika saƙon masu layin Najeriya inda babu kowa, a wasu shirye-shiryen ma lamba ɗaya marar kyau tana tsayar da duk waɗanda ke bayanta a layi.

Kada matashi ya ɗauka wannan ciwon ƙananan shaguna ne. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye aikinsu, ya goge bayanai kusan gigabait 300 bisa kuskure. Aka juya ga kwafin ajiya, aka tarar babu. Shirin da ke ɗaukar kwafin samfurin 9.2 ne, rumbun bayanan kuwa ya koma 9.6, don haka kullum aikin yana tashi yana faɗuwa. Cron ya yi ta aika wasiƙar ƙorafi, amma mai karɓar wasiƙun yana mayar da su saboda ba su cika wani sharaɗin tantancewa ba, babu idon da ya gan su. Abin da ya cece su wani kwafi ne da injiniyan ya ɗauka da hannu awa 6 kafin ɓarnar, don wata buƙata daban. Aikin awa 6 ɗin nan ya tafi har abada. Abin yabawa, ba su ɓoye ba: sun rubuta duk abin da ya faru, har gyaran suka nuna kai tsaye a YouTube.

Wannan hali na rashin ɓoyewa shi ne abin da ya fi wahala a gaban Alhaji. Yaro yana jin nauyi, yana tsoron a ce an yi asarar kuɗin kwamfuta, sai ya gyara a ɓoye ya yi shiru. Haɗarin a nan yake. Saƙonnin mako uku sun taru a layi, kuma da zarar an buɗe musu hanya za su fita gaba ɗaya kamar awakin da aka kwance da safe. Dattijon da ya biya bashinsa makon jiya, hannu da hannu, ya samu saƙo uku a jere ana neman kuɗi a wurinsa. A garin da kowa ya san kowa wannan cin fuska ne, kuma ba manhaja za ta je ban haƙuri ba, Alhaji ne zai sa hula ya tafi. Kafin a saki komai a duba layin, a cire waɗanda suka biya, a gwada da lambar kai, sannan a gaya wa mai shago gaskiya: daga rana kaza zuwa rana kaza saƙo bai fita ba, ga dalili, ga waɗanda abin ya shafa.

Masu aikin lafiya a yankin sun san nauyin wannan fiye da ƴan kasuwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magarya tun 2005, kuma duk damina ana bin gida-gida wata-wata ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Alƙaluman cibiyoyin lafiya na Nijar suna shiga manhajar DHIS2, wadda ita ma ba ta nuna sabon lissafi a allo sai wani aiki mai lokaci ya gudana ya tattara shi. Matashin da ya koyi karanta ranar gudun ƙarshe a shagon taki, ranar da ya samu aikin shigar da bayanai a likita zai san ya tambaya ko lambar da ke gabansa ta yau ce ko ta makon jiya.

Abin da labarin GitLab ya nuna shi ne ƙararrawar da ke kuka sai an samu matsala ita ma tana iya mutuwa. Dabarar da masu sana'ar suka koma kanta ita ce a juya abin: a sa aiki ɗaya ƙarami ya riƙa turo saƙo kullum ƙarfe 10 na safe zuwa wayar yaron da ta Alhaji, kalma biyu kawai, "an tashi". Ranar da bai zo ba, Alhaji da bai taɓa linzamin kwamfuta ba shi ne zai fara tambaya. Kwafin ajiya kuma a riƙa buɗe shi sau ɗaya a wata a wata kwamfutar, a nemo sunan mutum ɗaya a ciki a gani da ido, kuma a kwana da kwafi ɗaya a filasha a wani gida daban, domin ƙurar hunturu da zafin Afirilu da ke haura digiri 40 ba sa tausayin diski.

Saura littafi. Na takarda, irin na ɗari biyu, a ɗaure shi da zare a jikin teburin kwamfutar. Duk abin da aka taɓa a rubuta ranar, abin da aka canza, da yadda yake kafin a canza, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. A shafin farko a rubuta jerin ayyukan da ke tashi da kansu, da lokacin kowanne, da layin wayar da saƙo ke fita ta kansa, da ranar da aka sa masa kati. Yaron da ya girka manhajar ba zai dawwama a shagon ba. Baɗi yana jami'a a Damagaram, ko ya tafi ci-rani Kano, ko Agadas, kuma wanda zai gaje kujerar ƙanensa ne ɗan aji uku na kwaleji, wanda zai buɗe allo ya ga taurari biyar a jere a farkon layi, ya ɗauka ado ne.